Mu Haɗu a Kashi na Biyu

Akwai wata cuta da ta kama samarinmu tun daga Birnin Kudu har Gwaram, wadda ko likitocin asibitin tarayya na Birnin Kudun ba su da allurarta. Alamarta guda ce. Mutum zai gama kallon fim, ya ja dogon tsaki, ya rantse an cuce shi an ci kuɗinsa a banza, gari na wayewa kuma ka gan shi tsaye a ƙofar shagon turi, waya a hannu, yana cewa, "Don Allah ɗan'uwa, na ukun ya fito?"

Shi kuwa mai turi ya san kan kasuwarsa. Ka je ka ce a tura maka fim ɗin nan da jarumai suka taru a kan ƙaton bos mai shunayyar fata, wato Thanos, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ba a fara shi daga nan." Kuma gaskiyarsa. Avengers: Endgame da ya fito a 2019 shi ne na 22 a jerin finafinan kamfanin Marvel. Kafin ka gane abin da ya sa jarumin nan mai guduma ya ajiye tumbi ya daina taje gemu, akwai finafinai 21 da ke binka bashi. Nan take za a fara goge hotunan bikin ƙanwa da na sunan ɗan yaya don memori ya samu fili. Zumunci ya jira, Thanos ba ya jira.

Ciwon ya samo asali ne tun daga takarda. Waɗannan jarumai a littattafan zane aka haife su a Amurka: Superman a 1938, Batman a 1939, Spider-Man a 1962. Littafin kuwa fitowa yake a kai a kai ana sayarwa, saboda haka ranar da labari ya ƙare ranar tukunyar mai zane ta sauka daga murhu. Sun taɓa yin ta maza a 1992 suka kashe Superman, jaridu suka ɗauka, mutane suka yi layin sayen littafin. Shekarar 1993 ba ta fita ba sai ga shi ya dawo garau, har ya tara gashi. Wanda ya gaji irin wannan gida, don ya koma fim ba zai canza hali ba.

Amma a faɗi alherin kashi na biyu, don yana da shi. Ɗumame ne, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san tuwon da ya kwana ya sha wuta da safe ya fi na daren jiya shiga rai, muddin ba a sake ɗumama shi jibi da gata ba. A na ɗaya rabin lokaci kan tafi wajen gabatarwa: ga yaro maraya, ga gizo-gizo ya cije shi, ga shi yana koyon hawa bango yana faɗowa. A na biyu an wuce gaishe-gaishe, sai magana. Shi ya sa Spider-Man 2 na 2004 ya fi yayansa. A ciki an kori jarumi daga aikin kai abinci saboda makara, karatunsa na jami'a ya taɓarɓare, budurwa ta sa rana da wani, ƙarfin ma ya fara ɗaukewa, ga mai gidan haya kullum a bakin ƙofa yana tambayar kuɗinsa. Mutumin da ya tsayar da jirgin ƙasa da ƙarfinsa, shi ne yake saɗaɗawa don kada mai gida ya ji motsinsa. Duk ma'aikacin da ya taɓa zaman haya a Dutse ya san wannan jarumi, wataƙila ma sun haɗa layi.

The Dark Knight na 2008 kuwa da bos ya ci kasuwa. Heath Ledger ya fito a Joker ya ƙwace fim ɗin daga hannun mai shi, wato Batman, har aka ba shi kyautar Oscar a 2009 bayan ya riga ya rasu. A gidan kallo, in ka ji yara sun bar jarumi suna yi wa mugu tafi, to an yi aiki.

Daga na uku ne ake fara jin tsami. Masu kuɗi sun ga riba, kowa ya kawo shawara. A Spider-Man 3 na 2007 bos uku aka zuba lokaci guda, ɗaya na yashi, ɗaya na baƙin kwalta mai rai, ɗaya tsohon aboki, aka kuma sa jarumi ya zubo gashi a goshi yana rawa a titi yana nuna 'yan mata da yatsa. Batman & Robin na 1997 ya yi munin da sai da Batman ya shekara 8 bai sake leƙo sinima ba, kamar wanda ya ci bashin unguwa. Sannan ga haɓaka ba gaira ba dalili. Jiya yarinya ɗaya za a ceto. Yau gari. Gobe duniya. A 2018 aka kai ga rabin halittun sararin samaniya gaba ɗaya, da aka rasa inda za a ƙara kuma sai aka ƙirƙiro wasu duniyoyin, aka tara Spider-Man uku a fim ɗaya a 2021. Mai kallo dai yana kan bencinsa, abin da ya dame shi kada man inji ya ƙare.

Babban abin haushin shi ne mutuwarsu ba ta kama jiki. A Infinity War, na 2018 ɗin nan, bos ya kaɗa yatsa jarumai suka zama toka, yara suka fita daga gidan kallo jiki a sanyaye, wani ko tuwon dare bai ci ba. Shekara na zagayowa kowa ya dawo, ko tabo babu. Iron Man ya mutu a 2019, muka karɓi gaisuwa, muka yafe masa girman kansa. A Yulin 2024 sai aka shelanta cewa Robert Downey Jr., wanda ya fito a Iron Man ɗin, zai dawo, wannan karon a bos mai suna Doctor Doom. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Kawu Ben, mariƙin Spider-Man, bawan Allah da aka harbe a 2002, aka sake ɗauko shi aka harbe a 2012, don kawai yaron ya yi hankali. Sau ɗaya dai na ga mutuwa ta yi nauyi a irin waɗannan finafinai, shi ne da Chadwick Boseman na Black Panther ya rasu da gaske a 2020, masu fim suka ƙi sa wani a gurbinsa, na biyun da ya fito a 2022 ya buɗe da jana'iza. Ranar ba wanda ya yi ihu.

Dalilin duk wannan ba ɓoyayye ba ne. Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8. Wa zai rufe irin wannan rijiya? Sai da aka kai ga The Marvels a 2023, wanda da ƙyar ya haura dala miliyan 200, sannan suka fara tunanin ko jama'a sun ƙoshi.

Indiyawa, waɗanda muke sha a fassarar Algaita, sun fi kowa wayo. Sun yi Krrish a 2006, suka tsallaka suka yi Krrish 3 a 2013, wai Koi Mil Gaya na 2003 shi ne na ɗaya. Har yau akwai yaron da ke zargin mai turi ya ɓoye masa Krrish 2. Masu Baahubali kuma suka bar duniya kusan shekara biyu, daga 2015 zuwa 2017, tana tambayar me ya sa Kattappa ya soki ubangidansa. An yi musun nan a majalisar mai shayi fiye da yadda aka yi musun kuɗin taki.

To kada mu cika zagin na nesa. Zamanin kaset, 'yan Kano sukan ɗauki fim ɗaya su raba shi biyu su sayar mana sau biyu. Daidai lokacin da Alhaji ya ɗaga hannu zai mari amarya sai hoto ya daskare, rubutu ya fito: mu haɗu a kashi na biyu. Hannun nan zai kwana wata uku a sama. Yanzu an ci gaba, an koma zango-zango. Yaron da aka haifa lokacin da Arewa24 ta fara Daɗin Kowa yau shi ake aike kasuwa. Izzar So ya wuce kashi 100 tuntuni. A Labarina aka wayi gari Sumayya ta canza fuska da murya, muka ce to, Allah Ya sa haka ya fi alheri, muka gyara zama.

Mun gyara zama ne saboda halin namu ne. Mu ne mai jawabi a walima zai ce "a taƙaice" ya yi rabin awa, ya ce "daga ƙarshe" sau uku, shinkafa tana hucewa. Mu ne baƙo zai yi sallama a ɗaki, ya sake a zaure, ya buɗe sabon babi a kan babur da inji a kunne. Biki ya tashi daga ɗaurin aure da ɗaukar amarya ya koma sati guda, kowace rana da sunanta da ankonta, ango yana murmushi yana lissafin buhunan riɗi nawa suka tafi. Ɗan siyasa kuwa tun bai gama rantsuwar na ɗaya ba an buga fastar na biyu, da alkawarin rijiyar da aka yi a na ɗayan, ko kalma ba a canza ba. A nan ma Majalisar Dattawa ta taɓa yin abin da ya gagari Hollywood, ranar da ta yi watsi da kashi na uku na mulkin shugaban ƙasa a Mayun 2006. A Nijar marigayi Tandja ya matsa sai an yi tazarce a 2009, sojoji suka kashe injin a Fabrairun 2010.

Abin mamaki, mu ne masu gizo-gizo na asali. Gizo ya fito a tatsuniyoyin da ba su ƙirguwa, shi da Ƙoƙi, ya cuci kura, ya yaudari zaki, bai taɓa gundurar kowa ba, domin kowace tatsuniya tana da ƙurunƙus, kuma in kaka ta faɗe shi ko kuka za ka yi sai gobe. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku ya ajiye alƙalami, aku ya huta. Mutanen da suka zana shanu a Dutsen Habuɗe na Birnin Kudu sun zana abinsu suka tafi. Da a hannun Marvel zanen nan yake, da yanzu saniyar ta mutu sau biyu, ta dawo da ƙahon ƙarfe, maraƙinta ma ya samu nasa fim ɗin.

Na Amurka dai ba sa jin Hausa, sai mu bar su da halinsu. Amma ku marubutanmu na Kano, don girman Allah ku kashe bos ɗin nan ya mutu mutuwa ɗaya, ku aurar da yarinyar ga wanda take so, ku sallame mu. Damina ta kusa, akwai sharar gona.