Ragon Kofi

A majalisarmu ta bakin teburin mai shayi, duk abin da ya sami mutum sai an juya shi zuwa yaren ƙwallo kafin a yi masa jaje. Wanda mai gidan haya ya ce ya tashi, an ba shi jan kati. Wanda matarsa ta yi yaji, ta tafi aro ne, za ta dawo ƙarshen kaka. Wanda ya je zance ya tarar da motar wani Alhaji a ƙofar gidan, an saye masa ɗan wasa da kuɗin Larabawa. Littafin bashin mai shayi kuwa shi ne teburin Firimiya, kuma tela ne ke zaune a samansa shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa matsowa kusa da shi.

Telan nan ɗan Manchester United ne. Akwai direban adaidaita sahu, ɗan Chelsea. Akwai wani yaro mai POS da ya fara son Manchester City shekaranjiya, amma in yana magana sai ka rantse kakansa ne ya kafa kulob ɗin. Mai shayi ba ya bayan kowa, ya ce shi yana tare da wanda ya biya. Abu ɗaya da ya haɗa kanmu shi ne Kano Pillars, kuma a lokacin da nake ba da labari ba mai ambatonta, domin ta faɗo daga babbar gasa a 2022, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Ni ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu. Na ga 2004 da idona, shekarar da muka ɗauki kofi ba tare da an doke mu ko sau ɗaya ba. Daga nan kuma sai na zama abincin majalisa. Tun da United ta yi mana ci 8 da 2 a 2011, ban ƙara tambayar tela lokaci ya ba ni amsar gaskiya ba. Ko da azahar ce, zai ɗaga hannu ya dubi agogo da kyau, ya ce, "Takwas da minti biyu, Malam." Sai a watan Maris na 2023 Allah ya share mini hawaye, da Liverpool ta zuba musu bakwai babu ko ɗaya. Na yi mako ina tare shi a hanya ina sanar da shi cewa ƙarfe bakwai ta yi daidai.

To, a wannan yanayi na jin daɗi azumi ya same ni. Ranar 1 ga Afrilu muka ci Leeds 4 da 1, muka ba City tazarar maki takwas. Washegari Chelsea ta kori kocinta Potter, na biyu ke nan da ta kora a kaka ɗaya. Bayan asham aka hallara, na sha kunu na ƙoshi, na ƙara da shayi mai kauri. Direba ya yi tagumi. Tela ya ce ai City na da kwantan wasa. Na miƙe tsaye, kofin shayi a hannu, na ce kowa ya shaida, ranar da Arsenal ta ɗaga kofin nan zan yanka wa majalisa rago, kuma ba tunkiya ba, rago mai ƙaho.

Mai shayi ya buɗe littafinsa ya rubuta.

Da a nan na tsaya, da magana ce kawai irin ta majalisa, iska ta kwashe. Amma ni malamin lissafi ne, sai na zauna na yi lissafi. Za a gama gasa ƙarshen Mayu, babbar salla na ƙarshen Yuni, wato daidai lokacin da farashin dabbobi ke fara hawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Juma'ar da ta biyo baya na shiga mota zuwa kasuwar Wudil da bakin azumina, na dawo da farin rago mai baƙin kunne ɗaya.

Maiɗakina ta tsaya a bakin madafi tana kallon mu, ni da shi.

"Maigida, na layya ne tun yanzu?"

"Na kofi ne."

"Wane kofi?"

Na yi mata bayanin maki takwas da sauran wasannin da suka rage. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaya ko Turawan sun san an sayi ragon. Ta koma ta ci gaba da suyar ƙosai.

'Yan majalisa suka zo ganinsa a daren, suka duba haƙora, suka taɓa gadon baya, tela ya raɗa masa suna Maki Takwas. Yaran unguwa suka ɗauka.

Ranar Lahadi muka je Liverpool. Martinelli ya ci, Jesus ya ƙara, na fara tunanin wanda zai yi mana fiɗa. Aka tashi biyu da biyu. Da aka sha ruwa sai ga tela ya leƙo zaure ya ce ya zo gaida Maki Shida. Mako na gaba a West Ham muka sake cin biyu tun ba a je ko'ina ba, Saka ya ɓarar da fenareti, aka sake tashi biyu da biyu. Rago ya koma Maki Huɗu. Ƙaramar 'yata ta zo tana tambaya ta me ya sa ake ta sake wa ragonmu suna, ko bai ji daɗin na farkon ba ne.

Shi dai ragon bai san ana yi ba. Dusa yake ci, da harawa, da ƙowar wake, da takalmin silifa guda na maiɗakina. Sunansa na ramewa, shi yana ƙiba.

Ƙaramar salla ta faɗo ranar Juma'a, 21 ga Afrilu, kuma a daren ne muka karɓi Southampton, wadda ke can ƙarshen teburi. Na ce yau za a huce. Na tafi gidan kallo da kayan salla, na biya kuɗin shiga, na ratsa benci. Ban gama tattare babbar riga na zauna ba golanmu Ramsdale ya miƙa wa ɗan wasansu ƙwallo, shi kuwa bai yi wata-wata ba ya mayar masa da ita cikin raga. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Direba ya ce barka da salla ce, ai Ramsdale yaro ne mai tarbiyya. Na biyun kuma Walcott ne ya ci mu, yaron da ya yi shekaru goma sha biyu yana cin tuwon gidanmu. Da kyar muka farke aka tashi uku da uku, ana saura ƙiris a busa.

Na wasan City ba zan daɗe a kai ba. Huɗu da ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗan wasansu Haaland, wanda sai da ya kwance gashin kansa ya zubo, sannan ya ci ta huɗun. Mai POS ya yi kwana uku yana cire hula yana girgiza ƙwalƙwal ɗin kansa duk inda ya hango ni. Rago ya zama Maki Biyu. Da City ta haye sama kafin watan ya ƙare, aka yi zama na musamman a majalisa kan sabon suna, aka tsaya a kan Ana Binka.

Ranar Asabar, 20 ga Mayu, aka rufe littafin. Nottingham Forest ta ci mu ɗaya mai ban haushi, City ta zama zakara tana zaune a gida ba ta ko ɗaura takalmi ba. Wanda ya ci ƙwallon kuma namu ne, Taiwo Awoniyi, ɗan Ilorin. Kwana 248 muka yi a saman teburi a kakar nan, ba a taɓa yin wanda ya daɗe haka ya tashi hannu rabbana ba. Ban je majalisa ba a daren. Na kashe waya na kwanta.

Da safe na fita sayo dusa, don ko sama za ta faɗo sai Ana Binka ya karya. Abin da ya faru a bayana, daga baya mai shayi ya ba ni labarinsa dalla-dalla, yana yi yana share hawayen dariya.

Ashe da suka ga ban zo ba, sai suka yanke shawarar su biyo ni. Su biyar suka zo da tabarma, suka shimfiɗa a ƙofar gidana, suka cire takalma, suka zauna suka sunkuyar da kai. Tela har da farar jallabiya. Suna nan zaune sai ga Baba maƙwabcina, dattijo mai zumunci wanda kunnensa ya yi nauyi, kuma bai san Arsenal daga asibiti ba.

"Samari, lafiya kuwa?"

"Jaje muka zo yi wa Malam, Baba. Jiya da yamma abin ya ƙare."

"Ashsha! Allah sarki. A ina?"

"A Ingila."

"Ashe Malam na da wani a Ingila?"

"Tun yana yaro suke tare, Baba. Ba ya iya barci in bai ji labarinsa ba."

"An yi jinya ne?"

Tela ya nisa. "Tun kafin azumi ake fama. Ciwon baya ne ya fara, daga nan abu ya bi jiki." A nan dai bai yi ƙarya ba, domin tun da ɗan wasanmu Saliba ya ji ciwo a baya a watan Maris bayanmu ya zama hanyar kowa.

"Duk likitocin Turawan nan suka kasa?"

"Ai Baba, wani ɗan Najeriya ne ma ya ƙarasa aikin. Mutumin Ilorin."

Baba ya dafe ƙirji. Bai ƙara tambaya ba, ya juya ya shige gida da sauri. Su kuwa suka ci gaba da gimtse dariya, babu wanda ya yi tunanin ya bi shi. Baba ya gaya wa iyalinsa, iyalinsa ta leƙa ta katanga ta gaya wa ta kusa, ta kusan na da waya da kati a ciki.

Na shawo kwana da buhun dusa a bayan babur, na tarar tabarma ɗaya ta zama huɗu. Dattawan layinmu na zaune. Mata na shiga gidana da manyan mayafai, wata ɗauke da langar abinci, wata da bokitin kunu. 'Yan majalisa sun takure a gefe guda, yanzu kam fuskokinsu na jimami na gaske ne, don abin ya fi ƙarfinsu. Ni kuwa da na hango tela a farar jallabiya sai na gane shirinsu ne, na ɗauka duk unguwar suka gayyato a yi mini tsiya. Na ce a raina, wallahi ba za su ga lagona ba. Na kafe babur, na gyara hula, na iso ina murmushi.

Baba ya kama hannuna da hannu biyu. "Malam, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu?"

Na ce, "Haba Baba, ai mun saba. Duk shekara haka suke yi mana. Baɗi sai mu sayo wasu."

Wurin ya yi tsit. Wani dattijo ya tsaya da carbi a hannu. Baba ya saki hannuna a hankali, ya dubi na kusa da shi ya ce a yi masa uzuri, ruɗewa ce, wani in abin ya buge shi haka yake sambatu. Sai direba ya kasa riƙewa, ya fashe, ya kifa kai a cinyar mai POS.

Kafin a gama warware wa dattawa zancen, kuma ba ƙaramin aiki ba ne bayyana wa mai shekara saba'in cewa mamacin mutum goma sha ɗaya ne kuma duk suna raye, sai ga adaidaita sahu ta tsaya. Hajiya ce, surukata. Tun daga wancan gefen gari ta taso, idonta jawur, an ce mata wan mijin 'yarta ne aka kashe a Turai. Ba ni da wa. Wannan bai hana ta kuka a hanya ba.

Na bi ta cikin gida na durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa. Maiɗakina, wadda ta yi awa guda tana rantse wa mata cewa ba wanda ya mutu suna ce mata ta yi tawakkali, ita ta yi bayani. Ba ta rage komai ba, har da silifa. Hajiya ta ji duka ba ta ce uffan ba. Ta goge ido da bakin mayafi, ta juya ta dubi turke, inda Ana Binka ke tuƙa hankali kwance.

"Wannan fa na wane ne?"

"Na Arsenal ne, Hajiya."

"Shi mamacin?"

"Shi."

"To, Allah ya ji ƙan rai. Tunda ya rasu, ai sai a raba gado."

Duk wanda ya san tsakanin Bahaushe da surukarsa ya san ba ni da bakin magana. Na ce, "Haka ne, Hajiya." Direba ɗan Chelsea aka kira ya kawo kekensa, mai POS ya kama ƙaho, tela ya tura ta baya, Hajiya ta zauna a gefe ta riƙe igiya. Ni na biya kuɗin motar. Abincin da maƙwabta suka kawo kuwa, aka ce ba kyau a mayar, 'yan majalisa suka zauna a kan tabarmar jajen suka cinye shi tas. Mai shayi ya ce a tarihin ƙwallo ba a taɓa sayar da ɗan wasa kyauta kuma kulob ɗin ya biya kuɗin jirgi ba, ya kuma ƙi soke ragon daga littafi, ya ce an ɗage wasa ne kawai.

Da layya Hajiya ta aiko mana da cinya guda, da saƙon cewa ragon ya yi kitse, a gaida mai kiwo.

A watan Yuli Arsenal ta sayi Declan Rice daga West Ham a kan fam miliyan 105. Na dawo gida da labarin da zafinsa, ina gaya wa maiɗakina cewa bana kam babu makawa, tsakiyarmu ta ɗinke. Ta ce daman tana son gaya mini, Hajiya ta bugo ɗazu tana tambaya ko bana ma akwai alkawari, don in da hali ita ta fi son sa.