Ire-iren Mutanen da ke Tsayawa Gaban Zane Marar Kama

Mai zanen kama, wato wanda ya shafe shekaru yana koyon fitar da fuska da inuwa da ninkin riga har mai kallo ya rantse hoto ne, idan ya ƙudura fahimtar zane marar kama, wanda ba ya kamanta mutum ko dabba ko bishiya sai dai ya tsaya ga launi da layi da fili kawai, yakan tarar cewa kafin ya isa ga zanen dole ya ratsa jama'ar da ke tsaye a gabansa, kuma jama'ar nan iri-iri ce.

Wanda ya fi yawa shi ne mai cewa ɗansa na firamare ma zai iya, maganar da yakan tanada musamman don baƙin murabba'in da Malebic, ɗan Rasha, ya baje a 1915. Sau da yawa yana faɗin haka ne sanye da babbar riga mai aska takwas, wadda bai taɓa tsare maɗinkinta da tambayar hoton mene ne a ƙirjinta ba. Kusa da shi akwai mai neman doki, wanda zai karkata kai gaban aikin Folok, Ba'amurken da daga 1947 ya riƙa shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana ɗiga masa fenti, har sai ya hango wutsiya, sannan ya kira abokan tafiyarsa su shaida. Mai tambayar farashi kuwa ba ya ɓata wa kowa lokaci: da zarar ya ji adadin ya yi salati, ya gama kallonsa.

Wanda ya cancanci doguwar tsayawa shi ne mai zanen kama da kansa, kuma marubucin wannan bayani ba shi da hujjar da zai nesanta kansa da wannan rukuni. Ana gane shi ta yadda yake matsawa har hancinsa ya kusa taɓa ƙyalle, har mai gadi ya yi gyaran murya, domin abin da yake bincike shi ne ko mai aikin ya iya zana hannu da yatsu biyar kafin ya fara wannan wasa. Hankalinsa ba ya kwanciya sai ranar da ya ji cewa Mondiriyan, ɗan Holan mai baƙaƙen layuka da ja da shuɗi da rawaya, ya yi shekaru yana zana gonaki da injinan niƙa masu aiki da iska, kuma tsakanin 1908 da 1912 ya dinga zana bishiya yana rage mata kama har rassanta suka koma layuka zalla. Daga nan sai ya yafe masa, kamar alƙalin da aka kawo wa shaidu. Abin da ba ya faɗa wa kowa shi ne yakan koma gida ya kulle ƙofa ya gwada, da zaton aikin rabin sa'a ne, sai ya ga launukan sun cakuɗe sun zama laka, gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, kuma babu fuskar da zai fake da kyanta. Nan yake gane cewa daidaita nauyin haske da duhu, da sanin inda gefen launi zai yi kaifi da inda zai narke, su ne ya daɗe yana yi a ƙarƙashin fuskokinsa ba tare da ya kula ba. Duk da haka hannu ba ya barin halinsa: kafin fentin ya bushe wani layi ya miƙe ya zama bakin kogi, kuma wani ɗigo da ke samansa ya fara kama da kwalekwale.

Duk waɗannan ana iya zama da su lafiya. Wanda ba a iya haƙuri da shi shi ne tafintan da ba wanda ya naɗa, mai tsayawa bayan baƙo yana zuba manyan kalmomi game da ruhin fili da rikicin samuwa, wanda idan ɗalibi ya yi ƙarfin hali ya ce bai gane ba, sai ya dube shi da tausayi ya ce ai ba kowa aka yi wa wannan ba. Ɓarnarsa ta gaske ce, domin mutanen da suka zo da niyyar kallo suna fita da kunya, kuma da yawansu ba sa dawowa. Ba a taɓa jin ya ambaci launi ɗaya da sunansa ba, ko ya nuna inda burushi ya bi, alhali abin da baƙon yake bukata ke nan. Irinsa sun yi ta bayani gaban wani aikin Mondiriyan na 1941, wanda aka yi da zirin takardu masu launi, har zuwa 2022, lokacin da wata mai kula da kayan gidan zane a Dusaldof ta Jamus ta bayyana cewa fiye da shekara 70 ke nan ana rataye shi kai ƙasa. Gidan ya bar shi a haka, don gudun kada ziraran su zube idan aka juya shi.