Yarima da Murfin Bakinsa

A gidan suna na gan shi, ɗan ƙanwar matata, shekara 3 ba wata biyu, ya sha shadda har da hula. Bakinsa kuwa a toshe da robar tsotso, an maƙale igiyarta a wuyan riga kamar katin shaidar ma'aikacin banki. Na ce, "Yarima, ina kwana?" Ya dube ni, ya zuƙi robar sau biyu. Gaisuwar ke nan.

Uwarsa ta ja ni gefe. "Yaya, yaron nan ya ƙi magana. Ina jin baki ne." Na ce lallai baki ne, ga shi nan an sa masa murfi.

An ba shi rubutu ya sha, an yi masa hayaƙi. Kakarsa ta yanke hukunci cewa nauyin baki gadon dangin ubansa ne. Kowa ya sha zargi, har maƙwabciya, in ban da robar.

To ta ina maganar za ta fito? "Baba" da "Mama" sai leɓe ya haɗu da leɓe. "Ɗa" da "tsa" sai harshe ya samu filin motsi, kuma da gwaranci ake koyonsu, yaro ya faɗa a karkace, babba ya maimaita masa daidai. A Ingila, hukumar lafiyarsu ta NHS cewa take a raba jariri da robar tsakanin wata 6 zuwa 12. In ta daɗe, har haƙoran gaba takan turo. Mu kuwa har zuma muke dangwala mata, alhali likitoci sun hana ba ɗan ƙasa da shekara zuma.

Iyayenmu da ɗan maɗaci a kan nono da kwana uku a ɗakin kaka suke gama yaye. Yanzu an yaye nono, an kasa yaye roba, don ba Yarima kaɗai ke morarta ba. Ita ke ba Hajiya damar gama hirar WhatsApp, Alhaji ya kalli ƙwallo cikin natsuwa.

Da aka shagala da rabon waina, na zare robar na jefa aljihu. Yarima ya kafe ni da ido, ya buɗe baki, tiryan-tiryan: "Ba ni!"

Na waiga in yi wa uwarsa albishir. Tuni ta zuge jaka, ta ciro ta ajiya, shuɗiya, ta cusa masa.