Hanyoyi Bakwai Na Ɓoye Shafinka Daga Idon Google

Mutane da yawa suna kuka cewa sun zuba kuɗi an gina musu shafin intanet, amma ko ƙuda ba ya bi ta kai. Wannan rashin godiya ne. Shafin da ba a ziyarta ba ya jawo hassada, ba ya jawo masu neman ragi, ba wanda zai buga maka waya da tsakar dare yana tambayar kuɗin shadda. Alhaji, in kana son irin wannan kwanciyar hankali, gyara zama.

Da farko ka san abokin gabarka. Google yana da wani ɗan aike da ba ya barci, sunansa Googlebot. Manhaja ce da ke bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi, tana kwasar rubutu tana kai wa rumbun kamfanin. Duk wanda ya nemi "atamfa a Kano", daga wannan rumbun ake ɗebo masa amsa. Aikinka shi ne ka tabbata wannan ɗan sa ido ya koma hannu rabbana.

Na ɗaya, ka garƙame ƙofa. Akwai ɗan fayil mai suna robots.txt, wanda Martijn Koster ya kawo tsarinsa tun 1994. Ka rubuta "Disallow: /" a cikinsa ga dukkan masu yawo, shi ke nan, ɗan aike zai yi sallama ya juya. In kuma kana son a share ka daga sakamakon bincike ɗungurungum, ka sa umarnin noindex a shafin. Amma kada zumuɗi ya sa ka haɗa biyun, domin in ka hana shi shiga, ta ina zai karanta takardar korar? Masu WordPress sun huta: akwai wani ɗan akwati da magini ke dannawa lokacin aiki don hana injunan bincike leƙe. Sau da yawa yakan manta bai cire ba. Kada ka tuna masa.

Na biyu, kada ka ba shi taswira. Tun 2005 Google ya fito da tsarin fayil ɗin da ke jera adireshin duk shafukanka. Ka guje shi. Ka kuma nisanci Search Console na Google, domin kyauta zai tona maka duk inda aka yi ɓarna, alhali rashin sani ya fi daɗin barci. Shafin da ke ɗauke da farashin kayanka, kada wani mahaɗi ya kai gare shi. In dole sai ka sa mahaɗi, ka rubuta "danna nan" kawai, kowa ya yi canke.

Na uku, ka zuba komai cikin hoto. Adireshin shago, lambar waya, farashi, duk a haɗa a fosta ɗaya mai launi bakwai. Ɗan aiken ya fi gane rubutu tsantsa, saboda haka ka hana shi. Hoton ka bar shi da sunan da waya ta raɗa masa, kuma kada ka rubuta bayanin abin da ke ciki. Da jifa ɗaya ka kori Google, ka kori makaho mai amfani da manhajar karanta allo.

Na huɗu, ka yi wa shafin lodi. Hoto ɗaya ya kai megabait goma, bidiyo ya kunna kansa, waƙa ta tashi ba a tambaye ta ba. Google yana so babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kai ka nufi minti guda. Mai 'yar datar da ya saya da safe zai gudu kafin ya ga sallamarka. Kuma tun 2018 Google ya fara auna shafuka da yadda suke fitowa a waya, to ka tsara naka don faffaɗan allon kwamfutar ofis kaɗai. Rubutu ya zama ƙanana, maɓallai su cunkushe, yadda babban yatsa zai danna uku a lokaci guda.

Na biyar, take ɗaya ya ishi kowane shafi: "Barka da zuwa". Kantin da duk ƙofofinsa ke ɗauke da allo iri ɗaya, ai mai saye sai ya gaji ya wuce. Kada ka sa tsarin haruffa na UTF-8, don ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma alamar tambaya. Kada kuma ka sa alamar "ha" mai shaida cewa Hausa ka rubuta.

Na shida, ka ƙi makullin tsaro. Tun 2014 Google ke ɗan fifita shafuka masu HTTPS, a 2018 kuma Chrome ya fara yi wa duk marasa shi tambarin rashin tsaro. Let's Encrypt yana ba da takardar shaidar kyauta, amma ka ce musu banza ba ta kai zomo kasuwa. Sannan duk wata ka sauya adireshin shafukanka ba tare da turawar 301 ba, mai zuwa ya ci karo da 404 ya san ka tashi daga unguwar.

Na bakwai, in duk wannan bai yi ba, ka koma ga wayo. Ka rubuta "atamfa mai araha" sau ɗari da farin rubutu a kan farin shafi. Ka nemi yaron nan da ya rantse zai kai ka lamba ɗaya cikin mako guda, ka biya shi ya sayo maka mahaɗai dubu daga shafukan bogi. Tun 2012 Google ya fito da Penguin don maganin irin wannan. Ko dai a yi watsi da mahaɗan, kuɗinka ya bi ruwa, ko a hukunta shafin. Kowanne ya faru, buƙata ta biya.

Kai kuma mai neman ciniki da gaske, ka bi bakwai ɗin nan ka yi akasinsu. Mafi yawansu ba sa cin ko kobo, sai dai zama na yini guda. Abin da ke sauƙaƙa wa ɗan aiken Google, shi ne dai ke sauƙaƙa wa mai ƙaramar waya da ke neman kayanka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.