Fitilu Goma Da Lasifikan Kawu

Da yawa daga malaman ilmin sauti suna cewa sau da yawa abin da ke halaka lasifika shi ne ƙololuwar ƙara da ke tsiri cikin ƙiftawar ido, ta zarce iyakar da amfilifaya ke iya ɗauka, har murya ta dushe, siririyar wayar da ke naɗe a cikin lasifika ta ɗau zafi. Allurar nan mai rawa da ake gani a fuskar tsofaffin rikodoji, wadda injiniyoyin Bell da na gidajen rediyon CBS da NBC suka daidaita a Amurka a 1939, tana bukatar kusan sulusin daƙiƙa kafin ta kai inda za ta, alhali kuwa bugun kalangu guda ya zo ya wuce tun ba ta gama shiri ba. BBC kuwa ta riƙi wani ma'auni dabam, mai cafke ƙololuwa nan take, sa'an nan ya sake ta sannu a hankali domin ido ya shaida.

Irin wannan na biyu Kawuna ya nema a wurina, shi da yake sana'ar ba da hayar lasifika a bukukuwan Kano, bayan wani sanƙira mai maƙogwaro na musamman ya ƙona masa kaya. Ya ce, "Ɗana, tunda an ce ka karanta lantarki, yi mini abin da zai gaya wa mutumin nan ya isa haka, don ni ba ya jin maganata."

Asalin mas'alar mai sauƙi ne a takarda: dayod guda, wadda ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya tak, da kondansa guda, wadda ke tara abin da ya wuce ta riƙe mafi girmansa. Na sayo su a Sabon Gari, na narka dalma na haɗa su da fitila, na miƙa wa Kawu makirufo. Ya yi gyaran murya, fitila ba ta motsa ba. Ya yi kira, shiru. Ya ƙwala ihun da ya sa maƙwabta biyu suka yi sallama suna tambayar wa ya rasu, ita kuwa tana nan a mace. Dalili shi ne dayod ta silikon, irin 1N4148, dillaliya ce da ba ta yafe la'ada: sai ta cire kimanin bolt 0.6 daga duk abin da ya bi ta hannunta, shi kuwa makirufo, komai ƙoƙarin mai ihu, ɗan abin da yake bayarwa bai kai kuɗin la'adar ba. Maganin da masana suka daɗe da sani shi ne a ɗauki sautin bayan an ƙarfafa shi, a kuma sanya dayod a cikin zagayen da ke komawa ƙafar shiga ta ƙaramar amfilifaya irin LM358, domin ita ta biya bolt 0.6 ɗin daga aljihunta.

Da na yi haka fitila ta kama, muka yi hamdala, amma sai ta ƙi mutuwa. Aka yi la'asar tana ci, aka yi magariba tana ci, har Kawu ya yanke fatawa cewa ihun ɗazu ne ya ɓata mata rai. Na bayyana masa cewa kondansa ba ta da hanyar zubar da abin da ta tara, wanda a ganina shaida ce ta amanarta, na jingina mata rizista mai megohm 1, wanda tare da kondansar mai maikurofarad 1 ke sa cajin ya sauka zuwa kashi 37 cikin ɗari a daƙiƙa guda. A ƙarshe na ɗora LM3915, mai kunna fitilu goma bi da bi, kowace tana gaban 'yar'uwarta da desibel 3, na jera bakwai kore, biyu rawaya, da ja guda a can sama.

Ranar biki aka ajiye akwatin a gaban sanƙira, Kawu ya yi masa nasiha a kunne cewa in ya ga ja ya sassauta, shi kuma ya amsa da "To, ranka ya daɗe" cikin ladabin da ya kamata ya ba mu tsoro. Da ya zo kan kirarin uban ango, murya ta hau, fitilu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ja ta haska, yara suka ɗauka gaba ɗaya, "Ta kai ja!" Uban ango, wanda bai halarci nasihar ba, ya fahimci cewa na'ura ta tabbatar da nasabarsa, ya tashi ya yi liƙi na mamaki.

Daga nan al'amari ya fita hannun ilmi. Kowane alhaji ya bukaci a kai sunansa ja, wani attajiri da kirarinsa ya tsaya a rawaya ya ce a sake, domin kakansa bai gaza kakan kowa ba, mata kuma suka gano cewa guɗa na kaiwa can ba wahala, dangin amarya da na ango suka shiga musabaƙa. Ni ina gefe ina duban yadda fitilu ke tashi da sauri su sauko da natsuwa daidai da lissafina, ban ga aibi ko guda ba, sai da ƙaurin ƙonanniyar waya ya rinjayi turaren amarya, lasifikan dama ya yi shiru, na hagu ya bi shi kafin lisha.

Washegari, Kawu na cikin lissafa mini kuɗin lasifika biyu a matsayin bashi, sanƙira ya yi sallama ya taya akwatin da farashi mai kyau, bisa sharaɗin in ƙara masa fitilu biyu a saman ja, saboda yana da bikin 'yar hakimi a makon gobe.