Marubutanmu, Kowa Da Irin Cutarsa

Masana adabi sun saba kasa marubutan Hausa bisa zamani: ga 'yan gasar rubutun 1933 su Abubakar Imam, ga na zamanin kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, ga kuma 'yan Adabin Kasuwar Kano, sunan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu har aka shafe shekaru ana kai ruwa rana a kansa a shafukan jaridu. Wannan rabo yana da amfani ga mai neman digiri. Amma duk wanda ya zauna da marubuta a benci guda, ya ci gyaɗa da su, ya ranta musu kuɗin mota, ya san akwai wani rabon da ba a koyarwa a jami'a, wato rabo bisa hali. Mai sha'awar shiga sana'ar gara ya san dangin tun daga bakin ƙofa.

Babban wansu shi ne Malam Zan-Rubuta. Littafinsa ya kammala tuni, sai dai a ka yake. Ya san sunan littafin, ya san launin bango, ya san farfesan da zai rubuta masa gabatarwa, har ya zaɓi jarumin da zai fito ranar da 'yan fim za su zo roƙon a ba su labarin. Shafin farko kawai ya rage. Da azumi ya ce sai bayan salla. Bayan salla ya ce sai an kau da amfanin gona. Aka kau, ya ce biro da takarda sun tsufa, sai ya sayi kwamfuta. Ya saya, yanzu kuma wuta yake jira ta daidaita. In ka ce ya ɗan gutsura maka labarin, sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya: "Malam, ai ba a faɗa. Ɓarayin basira sun yi yawa a gari." In ka matsa, bayan ka rantse masa sau biyu, zai raɗa maka a kunne cewa 'yar mai kuɗi ce ta kamu da son talaka, iyaye suka ce ba su san zancen ba. Wannan ce dukiyar da yake gadi shekara da shekaru, alhali Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna tun 1991, kuma ba jigon ne ya sayar masa da littafi ba, zaman da ya yi ya rubuta shi ne. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ba ta jira komai ya daidaita ba, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. In ka kawo wa Malam Zan-Rubuta wannan misali, sai ya ce ai lokacin takarda tana da araha.

Ƙaninsa yana rubutu, karatu ne ba ya yi. Wai kada salon wani ya gurɓata masa nasa. Bai karanta Ruwan Bagaja ba tun da aka tilasta masa a aji uku, amma in ka duba rubutunsa za ka tarar salon wani ya riga ya shige shi ta bayan gida, na fim ɗin Indiyan da yake kallo kowane dare.

Sai Sarkin Godiya. Wannan in ka buɗe littafinsa, sai ka yi guzuri kafin ka isa labari. Akwai sadaukarwa ga iyaye, wannan kam dole. Sai tukuici ga malamai. Sai jinjina ga marubuta 'yan uwa, sai fatan alheri ga masoya na Gusau da Azare da Maraɗi, sai "ban manta da ku ba" ga 'yan ajinsu, kowa da laƙabinsa. Sai shafi guda na musamman domin maƙiya da mahassada, waɗanda a gaskiya ba su ma san ya yi littafi ba. Can a shafi na tara labari zai soma, da bayanin cewa gari ya yi luf, hadari ya haɗo daga gabas, tsuntsaye suna ta kuka. A littattafanmu hadari ya haɗo sau da yawa har in da ruwan yana sauka da ba a ƙara yin fari a ƙasar Hausa ba.

Wadda ta fi ba ni sha'awa, kuma ta fi ba ni haushi, ita ce Hajiya Mu-Haɗu-A-Na-Biyu. Ta iya labari, wannan ba a ja. Tana da kunnen da ke kama maganar kishiyoyi daidai yadda take fita daga baki, abin da farfesoshi da yawa ba su da shi. Matsalar ita ce labarin na littafi ɗaya ne, ita kuwa huɗu take so. Asalin al'adar ba laifinta ba ne. A kasuwar littattafan Kano an saba yanka labari kashi-kashi, don ƙaramin littafi ya fi sauƙin bugawa da sauƙin saye, kuma cinikin na ɗaya shi ke biyan kuɗin buga na biyu. Dabara ce ta mai ƙaramin jari. To amma Hajiya ta mai da dabara ɗabi'a, ta zama kamar mai kokon da ta hango layi ya yi tsawo ta ƙara ruwa a tukunya. Jaruma ba za ta fita unguwa ba sai mun raka ta banɗaki, mun ga sabulun, mun ga man shafawa, mun zaɓi atamfa tare da ita, mun ji sunan turare uku. In ta shiga kicin, sai an yanka albasa a gabanmu. Jarumi kuwa kullum matashi ne ɗan shekara talatin da biyu mai kamfanoni a Dubai, miskili, ba ya dariya, kuma babu wanda ya taɓa ganin sa yana aikin da ya kawo kuɗin. A shafi na ƙarshe mota za ta yi karo, ko a ji sallamar wata murya da ba a zata ba, sai a ce mu haɗu a littafi na biyu. In da Hajiya za ta yarda ta zubar da rabin abin da ta rubuta, da sauran rabin ya shiga manhajar makarantu. Amma ka ce ta yanke shafi, kamar ka ce ta yanke yatsa.

Kusa da ita akwai Ustazu, wanda labarinsa ke tafiya lafiya lau, saurayi ya zo zance, an shimfiɗa tabarma, sai kwatsam marubuci ya ture jaruman gefe ya hau mumbari: "Ya ke 'yar uwa mai karatu, ki sani..." Shafi uku ana wa'azi, saurayi na tsugune yana jira. Ina yi masa uzuri kaɗan. Tun 2007 da aka cinna wa littattafan soyayya wuta a bainar jama'a a Kano, daga baya kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta sa wa marubuta ido, kowa ya koyi ajiye shaidar cewa shi mai gyaran tarbiyya ne. Sai dai labarin da aka gina da kyau yana yin wa'azinsa da kansa. Mai karatu in ta ga abin da ya sami azzalumin miji, ba ta bukatar a sake fassara mata.

Yanzu ga wanda ya fi kowa yawa: Ba-A-Taɓa-Mini. Zai kawo maka rubutu da ladabi, har da rusunawa: "Yaya, a duba mini, a gyara duk abin da ya kamata, kada a ji nauyina." Kada ka yarda. Yabo ya zo karɓa. Ka nuna masa cewa babu ƙugiya ko ɗaya a shafi ɗari biyu, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata, sai ya ce wayarsa ce ba ta da haruffan, kuma ai mai karatu zai gane. Ka nuna masa ya haɗe kalmomin da ake rabawa ya raba waɗanda ake haɗewa, sai ya ce salonsa ke nan. Ka ce masa kakar da ya binne a babi na uku ta fito tana rabon goro a babi na goma, sai ya yi shiru, ya tattara takardunsa, ya yi godiya sama-sama. Da yamma za ka ji labari a gari cewa kana yi masa hassada. Abubakar Imam da kansa, a 1936, sai da aka ɗauko shi daga koyarwa a Katsina aka kai shi Zariya, ya yi wata shida tare da editansa Rupert East, yana rubutawa ana dubawa ana mayar masa, kafin a sami Magana Jari Ce. Amma namu gwanin ya wuce nan. Rubutunsa na farko shi ne na ƙarshe, ko shi kansa bai sake karantawa ba, don kada ya ɓata wahayi.

Ɗan Gasa ba ya ɗaukar alƙalami sai ya ji an ambaci kyauta. Ba na raina gasa, don adabinmu na zube a gasa aka haife shi: ta 1933 ce ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ta kamfanin NNPC ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, Hikayata ta BBC Hausa kuma tun 2016 take tono mata marubuta daga lunguna. Abin da ke damun Ɗan Gasa shi ne ba ya karanta sharuɗɗa. An ce gajeren labari, ya aika babi na farko na littafinsa. An ba da wata biyu, ya fara a daren rufewa. In sakamako ya fito babu sunansa, to alƙalai sun ba 'yan garinsu. In gasar ta mata ce zalla, za ka gan shi yana yi wa sunan matarsa wani irin kallo.

Zamani ya kawo mana Anti Sai-Na-Ga-Sharhi, wadda maɗaba'arta tana cikin tafin hannunta. A WhatsApp da Wattpad take sakin labari shafi-shafi, da babban yatsa take bugawa, tana jijjiga goyo. Ta warware matsalar da ta gagari magabata, don babu mai bin ta bashin takarda, kuma kuɗinta na shigowa kai tsaye: shafukan farko kyauta, in labari ya ɗau zafi sai a rufe ƙofa, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ko katin waya. Amma ta sayar da 'yancinta ga masu karatu. In sharhi ya yi ƙasa, sai ta yi yaji: "Tunda ba kwa so, na daina." Sai an taru an ba ta haƙuri. In masu karatu suka ce ba su yarda jaruma ta auri Alhaji ba, sai Alhaji ya yi hatsari a shafi na gaba, ba don labari ya nemi haka ba. Kowane shafi kuma yana buɗewa da Allah ya isa ga duk wadda ta fitar da littafin kuɗi waje, kuma kafin la'asar littafin ya zaga duniya, da Allah ya isan a jikinsa.

Wanda ya dage sai ya ga littafinsa a takarda, zai gamu da mutum biyu da ba marubuta ba ne amma su ke riƙe da wuyan marubuta. Na farko mai maɗaba'a, wanda ke karɓar kafin alƙalami da fara'a ya ce nan da sati biyu. Sati biyunsa ba irin na kalanda ba ne. Yau inji ya lalace, gobe takarda ta hau, jibi ga aikin fastocin 'yan siyasa ya shigo, su kuwa a take suke biya. In littafi ya fito, shafi na 40 yana bin na 56, bango kuma ya fi abin da aka zaɓa ja. Na biyu ɗan kasuwa, wanda zai karɓi kwafi ɗari bashi ya ce sai an sayar. In ka koma, littafin ba ya tafiya. In ka ce to a ba ka kayanka, an kai wa wani abokin ciniki a Jos. Shawara ɗaya ce a nan, kuma kowa ya san ta, ba a dai bi: a rubuta yarjejeniya, a sa hannu, ko da mutumin ɗan uwan mahaifiyarka ne. Musamman ma in shi ne.

Daga nan sai Angon Ƙaddamarwa, wanda bai rubuta littafi don a karanta ba, ya rubuta ne don a taru. Ya kama ɗakin taro, ya ɗinka sabuwar shadda, ya buga kati mai ɗauke da uban taro da babban baƙo da babban mai ƙaddamarwa da iyayen ƙasa. An sa ƙarfe goma, an fara ƙarfe ɗaya. Mai sharhin littafi ya tashi ya yi minti arba'in yana yabon mahaifin marubuci, don a mota ya fara buɗe littafin. Babban mai ƙaddamarwa bai samu zuwa ba, ya turo wakili, wakili ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗi mai nauyi, aka yi tafi, maroƙi ya yi kirari. Kuɗin dai alkawari ne. Watanni shida masu zuwa Ango zai ƙare su a ɗakin jiran ofis, yana gaisawa da masinja: "Ranka ya daɗe, Alhaji ya shigo kuwa?" Sauran kwafin suna ƙarƙashin gado, gara ta fara nazarinsu.

Duk wanda ya tsallake waɗannan, littafi ya fito lafiya, to akwai mutum guda da ke jiran sa a ƙofar gida. A dokar Najeriya, Ɗakin Karatu na Ƙasa, inda ake karɓar lambar ISBN, shi ke da haƙƙin a kai masa kwafi 3 na duk littafin da mutum ya buga. Amma Ina-Nawa yana ganin dokar ta manta da sunansa ne. Abokin makaranta ne, ko maƙwabci, ko mijin ƙanwar matarka. Zai sayi katin waya na dubu biyu a gabanka, amma bai taɓa tunanin littafi abin saye ba ne. "Marubuci! Ka ji mutumin, ashe abin ya fito ba labari? Ina nawa?" Ka miƙa masa. Ya juya bango, ya duba hotonka, ya ce ka yi ƙiba. Ya ce a sa masa hannu, a kuma ƙara ɗaya na Maman Khalifa, don ita ce mai karatun a gidan. Bayan wata uku ku haɗu a wurin ɗaurin aure, ka tambaye shi yaya ya ga littafin.

"Kai, Malam, aiki ya yi kyau! Wallahi takardar ma mai kauri ce. Af, na ce ba, wancan wani ya ara bai dawo da shi ba. Akwai saura?"