Hannun Wa Kuka Auna?

Na san halinku. Tun ba ku gama karanta kan maganar ba wasunku sun taɓe baki. Bakano yana cewa, "Mu da ko wuƙar yankan albasa sai mun taya sau uku, ina mu ina zaɓen bindiga?" Bazazzagi ya gyara zaman gilashinsa, wai ai wannan surutun Amurkawa ne, su da suke sayen fistol a kantin da ake sayar da takalmin ƙwallo. Bakatsine bai ce komai ba, shi dama kunya gare shi, amma na ga ya lallaɓa zai juya shafi. Dawo, Malam, ba a gama da kai ba.

Ku biyo ni gabashin Sudan, kan hanyar da ta tashi daga Gadarif ta ratsa Doka ta dire Gallabat, bakin iyaka da Habasha. A kusa da Doka ne Umm Rakuba take. Sansani ne da ya taɓa karɓar mutanen Habasha lokacin yunwar shekarun 1980, aka rufe shi, sannan aka sake buɗe shi a watan Nuwamba na 2020, da yaƙi ya ɓarke a Tigray, mutane suka riƙa tsallako kogi ta Hamdayet da ƙunshin kaya a ka. Jihar Gadarif kuma cike take da 'yan'uwanku Hausawa, jikokin waɗanda suka taso za su Makka da waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suna noman riɗi da dawa. Mutanen cikin sansanin bindiga ce ta koro su, kuma doka ta hana shiga wurin da makami. Amma hanyar da ta wuce ta gefensu ta daɗe da yin suna wajen fataken ƙananan bindigogi. Sau da yawa hukumomin Habasha sun sanar da kama fistol ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta Metema, garin da ke kallon Gallabat. Saboda haka manomin da ya sayar da riɗinsa, aljihunsa ya yi nauyi, ba ya rasa mai raɗa masa cewa akwai tabanja, wato fistol, sabuwa fil, 'yar ƙarama, daidai hannun Hajiya.

To, ga Alhaji na farko ya miƙe. "Malam, bar wannan zance. Bindiga ƙarfe ce. Ba ta tashi sai an taɓa kunama." Madalla, Alhaji. Ashe har ka fi masu ƙera ta saninta. A 2013 'yan sandan jihar São Paulo ta Brazil suka janye fistol 98,000 ƙirar Taurus daga hannun jami'ansu, saboda an gano wasu suna iya tashi ba wanda ya ja kunama. A shekarar ce kuma bindigar wani jami'in tsaro a jihar Iowa ta Amurka, ita ma Taurus, ta suɓuce ta faɗi ƙasa ta harba da kanta. Ya kai ƙara, maganar ta yi girma, har a 2016 kotu ta amince da sulhun da ya shafi bindigogi kusan miliyan ɗaya. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya yarda a dawo masa da kaya, ya gyara ko ya biya. Ni dai ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya karɓi kaya miliyan guda don tsabar kirki ba.

Kada ka ce ai wannan ta talakawa ce. A watan Janairu na 2017 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓi SIG Sauer P320 ta zama fistol ɗin sojojinta, kwangilar da ta kai dala miliyan 580. Cikin abubuwan da aka yabe ta da su har da cewa ana iya sauya mariƙinta, babba ko ƙarami, kowane soja ya sami daidai tafin hannunsa. Wata bakwai kacal bayan haka, a Agusta, aka nuna cewa irin wadda ake sayar wa jama'a tana iya tashi idan ta faɗi ta wata fuska, kamfanin ya ce a kawo ya gyara kyauta. A 2023 jaridar Washington Post da kafar The Trace suka tattaro mutum fiye da 100 da suka ce ta harba ba su taɓa kunama ba, aƙalla 80 daga cikinsu da rauni. Har yau kamfanin yana musantawa, yana cewa ba ta tashi sai an ja. Kun ji, Alhaji, bakinku ɗaya da kamfanin. Bambancin shi ne su suna da lauyoyi, kai kuma cinyarka kawai gare ka.

Wani abin da zai ba ka mamaki: hukumar Amurka da ke da ikon tilasta janye keken yara ko dutsen guga idan aka same su da aibi, majalisar ƙasar ta hana ta taɓa bindiga tun shekarun 1970. Janye bindiga mai aibi a can ganin damar kamfani ne, ko kuma kotu ta matsa masa. Wannan fa a ƙasar da kowace bindigar kamfani take da lamba, da takarda, da adireshin wanda ya ƙera ta.

Yanzu mu dawo kan taka. Na ji ka, Yaya, kana cewa taka ba Taurus ba ce, ba SIG ba ce, ta Turkiyya ce, a kwalinta aka ba ka, har da man shafawa. Allah ya sanya alheri. Amma ka tambayi dillalin me aka ƙera ta ta yi tun asali? A watan Yuli na 2024 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan makaman da ke kwarara Sudan, ta ce an shigo da ɗaruruwan dubban bindigogin ƙara daga Turkiyya, kuma tana ganin ana juya su su koma masu kisa. Bindigar ƙara ita ce wadda aka yi don fim, ko tayar da 'yan tsere, ko korar tsuntsaye. Tana tsawa, tana hayaƙi, ba ta jefa komai. Ƙarfenta mai taushi ne, ba a yi shi don ya jure matsin harsashin gaske ba. Idan wani maƙeri ya taɓa ta a bayan shago, za ta iya kashe mutum, haka kuma za ta iya tarwatsewa a hannun mai riƙe da ita. Ranar da ta cinye maka yatsa, wa za ka kai ƙara? Dillalin ya tsallaka Metema tun shekaranjiya, lambar wayarsa ma ba ta shiga. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kai ma Bakano daina dariya, ba ka tsira ba. Ta ƙirar gida da ake ɓoyewa cikin buhun masara a wajenku ba ta fi wannan asali ba. Kuma a dokar makamai ta Najeriya ta 1959, fistol da libarba suna cikin jerin haramtattun makamai, lasisinsu sai shugaban ƙasa. Ba adaka ba ce ta maharba da kwamishinan 'yan sanda zai sa wa hannu. In kana da takardar shugaban ƙasa, to ranka ya daɗe, a gafarce ni. In babu, abin da ke ƙarƙashin katifarka takardar zuwa gidan yari ce.

Sai kuma maigidan da ya fi kowa tausayi. Shi ba don kansa ba, don uwargida yake nema, saboda yakan yi tafiya. "'Yar mitsitsiya nake so, mara nauyi, wadda za ta shige jakarta." Kai, wannan soyayya! Sai dai, Maigida, ka auna hannunta ko ka auna jakar? Masu koyar da harbi na soja da 'yan sanda sun daɗe da sanin cewa ƙaramar fistol ta fi wuyar sarrafawa. Harsashi iri ɗaya, in ka sa shi a bindiga mara nauyi, ta fi shuri, don babu nauyin da zai shanye ƙarfin. Mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsa yana lilo a waje. Sifirin ɗinta ya fi tauri, ja da baya don ɗana ta sai an yi da gaske. In riƙon bai yi ƙarfi ba sai ta cije, kwanso ya maƙale. Abin da suke dubawa a hannu shi ne ko yatsa yana isa kunama ba tare da an karkace riƙo ba, kuma wannan ba a sanin sa sai a filin horo, gaban malami, da harsashi masu yawa. Kai kuma ka ƙudura za ka miƙa mata da daddare, cikin tsumma, ka ce, "In kin ji motsi ki danna nan." Motsin farko da za ta ji kuwa naka ne, ranar da motar Gadarif ta makara ka dawo ƙarfe biyu na dare.

Amma akwai hannun da 'yar ƙaramar nan ta yi wa daidai cif, kuma shi ne ba ka auna ba. A 1995 wasu likitocin yara a Chicago suka gwada ƙarfin yatsun yara, suka buga sakamakon a mujallar likitoci. Sun sami cewa kashi 25 cikin 100 na 'yan shekara 3 zuwa 4 suna iya jan nauyin fam 10, wato kusan kilo 4 da rabi, da yatsu biyu. A 'yan shekara 5 zuwa 6 kashi 70 ne, a 'yan 7 zuwa 8 kashi 90. Kunamar fistol irin Glock kuwa kilo 2 da rabi ko kusa da haka take buƙata. Wato autanka da har yanzu ake ɗaura wa wando yana iya harba ta. Yaron da yatsansa bai kai ba kuma yakan juyo ta ya danna da manyan yatsunsa, bakinta yana kallonsa. A nan ba na zolaya.

Na san amsarka: "Na ɓoye ta inda ba wanda ya sani." A ina? Saman sif? Cikin buhun dawa? Ƙarƙashin matashi? Alhaji, yaran da suka gano inda Hajiya take ɓoye dabino da tuwon madara, su ne za ka yi wa wayo? Kai da kanka, kana ɗan shekara bakwai, akwai lungun da ba ka sani ba a ɗakin Baba?

Ga Malam can yana jan carbi, wai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Allah gafarta Malam, kai ne ka karantar da mu cewa Bukhari da Muslim sun ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Kai ne kuma ka ce ya umarci mai ɗauke da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Kibiya ke nan, wadda ba ta tashi sai an ɗana ta a baka an ja tsirkiya. Ina ga abin da ke tashi don ya faɗo daga aljihun jallabiya lokacin alwala? Ka faɗa wa masu harbi sama a gidan biki ma, harsashin da ya hau sai ya sauko, kuma ba ya tambayar wa aka gayyata.

Mai musu na ƙarshe shi ne nake girmamawa, don maganarsa tana da nauyi. Yana cewa, "Tun 15 ga Afrilu 2023 Sudan tana cikin yaƙi. Wad Madani ta faɗi a Disamba na shekarar, Sinja ta bi a Yuni 2024, mun ga waɗanda suka gudo Gadarif da abin da suka ba da labari. Sai mu naɗe hannu?" Ɗan'uwa, tsoronka gaskiya ne, ba mai yi maka dariya. Amma ka dubi abin da ya kori mutanen: motocin yaƙi da ake kira tatshar, ɗauke da manyan bindigogin doshka, da jirage marasa matuƙa. Tabanjar da ke cikin tsumma ba za ta tare waɗannan ba. Abin da za ta iya shi ne ta sa a ɗauke ka a matsayin mayaƙi a shingen bincike, ta mayar da cacar baki kan iyakar gona ta zama jana'iza, ta kuma kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yanka shekara da shekaru bayan an daina yaƙin. A Satumba 2020 gwamnatin Sudan ta lalata makamai 300,000 da aka karɓe daga hannun jama'a a Hajar al-Asal. Shigar bindiga gida ba wuya, fitar da ita ne yake cin shekaru.

Saboda haka ga hukuncina, ku yi ta musu in kun ga dama. Wanda doka ba ta ba shi ba, ya bar wa dillali kayansa, ya sayi ƙofar ƙarfe da fitila mai aiki da rana, ya san maƙwabtansa, su haɗa kai da hukuma kan tsaron unguwa. Wanda aikinsa ko lasisinsa ya ɗora masa riƙe ta, ya nemi horo a inda ake bayarwa, ya san wanda ya ƙera ta, ya cire harsashi in ya shigo gida, ya duba cikinta da idonsa, ya kulle ta a akwatin ƙarfe, harsashin a wani wuri daban, makullin a jikinsa. Mai ja da wannan ya aiko da hujjarsa, ina jira. Amma kafin ya ɗauki alƙalami, ya karanta wa uwargida shafin nan tukuna, ya ji ta bakinta, ita da ta san yawan ƙananan hannayen da ke cikin gidan.